Yadda Ake Kallon Namun Daji da Gano Maciji a Kurmi, Ga Mai Tasowa Daga Damagaram

Idon mutumin Damagaram ido ne na fili. In ka hau duwatsun Birni, ko ka miƙi hanyar Tanut, kana hango raƙumi tun yana ɗan ɗigo a bakin sama. A kurmi wannan idon ba ya cin kasuwa, don taku ashirin gabanka ganye ya rufe ko'ina, rana ma sai ta yi da gaske take kaiwa ƙasa. Shi ya sa mutanenmu da ke zuwa kudu fataucin goro, ko kai shanu da albasa, ko karatu, in aka kai su gandun daji sai su fito suna cewa babu komai a ciki sai itatuwa da zufa. Akwai komai. Dabbobin ne suka riga ka gani suka yi lamo, kai kuma kana neman su can nesa alhali suna kusa. Aikin duka shi ne a koya wa ido duban kusa, a koya wa ƙafa jiran ido.

Mataki na farko: zaɓen wuri da lokaci

Kurmin da ya fi kusa da mu a Najeriya yake. Gandun dajin Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, ya kai kusan murabba'in kilomita 4,000, kuma kashi biyu ne, Oban da Okwangwo. Ofishinsa na Akamkpa, ba nisa da Kalaba. Daga Zinder sai ka bi ta Matamai da Ɗan Barto ka faɗa Daura, ko ta Magariya, ka sauka Kano. Daga nan hanya ce doguwa ta Lafiya, Makurɗi, Ogoja da Ikom, mai hali kuma ya hau jirgi. A Kalaba akwai unguwar Hausawa, Bogobiri, inda ba za ka rasa masauki da tuwo da wanda zai sa ka a hanya ba. Akwai kuma gandun Okomu a jihar Edo, ƙarami ne amma da giwayen kurmi a ciki.

Ga wanda bai taɓa shiga kurmi ba, ni Kakum ta Gana nake ba wa fifiko. Tana da tazarar kilomita 30 ko makamancin haka daga Kef Kos, hanyoyinta a share suke, kuma tana da gadojin igiya guda 7 da aka ɗaure a saman itatuwa tun 1995, tsawonsu gaba ɗaya kusan mita 350. Mutum yana tafiya a inda tsuntsaye ke zama. Sai dai ka je da sassafe kafin motocin ƴan makaranta su iso, in ba haka ba hayaniyarsu kaɗai za ka kalla. Wanda Faransanci ya fi zama a bakinsa ya duba Tayi a yammacin Kodebuwa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1982. Can ne birai masu kama da mutum ke fasa ƙwallon itace da dutse. Tana da nisa da wuyar hanya, amma sefarmu tana ci a can. Korup ta Kamaru kuwa tana cikin yankin da ake rikici tun wajajen 2016, a bar ta tukuna.

Batun lokaci, kada ka auna da daminarmu. Ruwan da ke sauka a Zinder a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, Kalaba kuwa tana samun kusan 3,000. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa kan lafa a can, hanya ta bushe, tafiya ta yi sauƙi, kuma lokacin ne ya dace da sabon shiga. Amma in maciji ne muradinka, farkon saukar ruwa, wato Maris zuwa Mayu, ya fi albarka: kwaɗi sun fito, masu cin su ma sun fito. Tsakiyar damina, Yuli zuwa Satumba, laka ce zalla.

Mataki na biyu: takardu da allura

Allurar rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ce. Ka yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, don kafin nan katin bai fara aiki ba, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Ka ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin sauro, don a kurmi sauro ba ya da rani. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, ka tambayi ma'aikatan iyaka ko direbobin tasha irin takardun da ake karɓa a makon da za ka tashi, kada ka dogara da labarin bara. Ka canji kuɗi tun a gari, naira ko sidi, ƙananan takardu.

Mataki na uku: kaya

Silifa da jallabiya da babbar riga su tsaya a masauki. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne takalmin roba mai dogon wuya har ƙasan gwiwa, irin na masu aikin lambu, da safa mai kauri, da dogon wando mai ɗan sakewa. Yawancin sara a ƙafa yake faɗawa, daga idon sawu zuwa ƙwauri, saboda haka wannan takalmin ya fi duk wani abin da za ka ɗaura a damtse. Riga mai dogon hannu, launin ƙasa ko kore mai duhu. Ka guji shuɗi da baƙi, don su ke jan ƙudan tsando, fari kuma yana tona ka tun daga nesa. Mata su sa wando a ciki da ɗan gajeren hijabi wanda ƙaya ba za ta riƙa kamawa ba. Turare a bar shi, ko na ranar Juma'a ne.

Sai fitilar goshi da baturan canji, da ƙaramar cocila ta biyu a aljihu. Sai madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 ya isa, don ya fi tara haske a cikin duhun itatuwa. Ka fara koyon amfani da shi tun a gida: je lambunan Mirriya ko bakin tafkin Gidimuni, ka kafa wa tsuntsu ido, sannan ka ɗago madubin zuwa fuskarka ba tare da ka kawar da kai ba. Wanda bai saba ba, kafin ya gama lalube tsuntsun ya tashi. Salula da takardu su shiga leda mai rufewa.

Kada zafin Afrilu na garinmu ya ruɗe ka ka ce ai ka saba. Namu zafin busasshe ne, zufa na fita iska na shanye ta. A kurmi awon zafi bai cika wuce digiri 30 ba, amma iskar jiƙe take, zufar ba ta bushewa, sai mutum ya galabaita bai ankara ba. Ka ɗauki ruwa lita 2 zuwa 3 na tafiyar rabin yini, da ƙunshin garin gishiri da sukari na farmasi.

Mataki na huɗu: ɗan jagora

Ba a shiga kurmi ba tare da malamin daji ko jagoran da gandun ya amince da shi ba. Da ɗan gari kan ci gari. Mafi ƙwarewarsu sau da yawa tsofaffin mafarauta ne na ƙauyukan gefen dajin, waɗanda suka ajiye bindiga. Tun kafin ku tashi ka gaya masa abin da kake son gani, don in ba ka faɗa ba zai ɗauka gudun maciji kake yi, ya riƙa kauce maka da shi. Ka yi masa tambaya uku: wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin dafin maciji, awa nawa ake yi kafin a kai, kuma da wace mota ko babur. In ya kasa amsawa, ka je ofishin gandun ka tambaya. Ka kuma gaya masa a fili cewa ba ka son a kama maka komai. Wasu jagororin, don neman goro mai kauri, kan sa sanda su ɗago maciji don baƙo ya ɗauki hoto. Nan ne ake samun sara.

Ayari kada ya wuce mutum huɗu ko biyar. Mai surutu ya zauna a gida.

Mataki na biyar: tafiya da kallo

Ku shiga daji bayan sallar asuba, gari na fara wayewa. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 dajin ke magana, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Tsakar rana kowa kwance yake.

Tafiyar kamar ta mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal ce: taku kaɗan, a tsaya, a sake ɗagawa. Kilomita ɗaya a awa ɗaya ba jinkiri ba ne. Duk bayan taku goma zuwa ashirin ka tsaya cak, ka duba hawa uku. Farko ƙasa, daga yatsun ƙafarka zuwa taku uku gaba. Sannan tsakiya, daga gwiwa zuwa saman kanka, inda rassa da kurangar daji suka ratsa hanya. Sannan sama. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: ba a kallon sama ana tafiya. In ka ji motsi a kan itace, tsaya tukuna, duba inda ka taka, sannan ka ɗaga kai.

Kunne ya fi ido aiki a nan. Biri ba ya fara bayyana da jikinsa, sai dai ka ji reshe ya yi ƙara, ko ɓawon ɗan itace ya faɗo tim a gabanka, ko ganye na kaɗawa a wuri guda alhali babu iska. Manyan cilakowan kurmi in suna tashi fikafikansu na huci tun daga nesa. Gada kan yi atishawa ta ruga. Itacen da ke zubar da ƴaƴa, musamman dangin ɓaure, ya fi tafiyar awa biyu amfani: samu gindin wani itace nesa kaɗan, duba wurin da kyau, zauna rabin awa ba motsi. Tsuntsaye da kurege da birai za su dawo su ci gaba da harkarsu.

Ka sa rai daidai gwargwado. Gwaggon birin Kuros Riba bai kai 300 ba a duniya, masu bincike ma sai su shekara ba su sa shi a ido ba. Damisa tana nan amma sawunta za ka gani. Giwar kurmi ta fi ta fili ƙanƙanta, haurenta ya miƙe ƙasa, kuma a cikin ganye ba a ganin ta sai an zo dab. In ka ga kashinta yana tururi, ko ka ji wari irin na garke, yi abin da jagora ya ce nan take ba gardama. In Allah ya haɗa ka da manyan birai, ka tsaya aƙalla mita 7, ka rufe hanci da baki, don murar mutum tana iya kashe su. Mushe kuwa kowane iri ne ba a taɓa shi.

Mataki na shida: inda maciji ke kwanciya

Mu a nan mun san kububuwa, ƴar gajeruwa mai saurin fushi da ke sarar manoma a gona, mun san kasa, mun san kumurci da gamsheƙa. Na kurmi dangin waɗannan ne, amma zamansu daban. Kada ka nemi maciji sukutum. Nemi abin da bai dace da wurin ba: lanƙwasa mai santsi a cikin tarkacen da komai nasa a karye yake, ko zane mai maimaita kansa, ko ƙyalli a inda sauran abubuwa suka dushe, ko reshen da ya fi ƴan uwansa kauri a tsakiya.

Babbar kasar kurmi, wadda ake kira ta Gabon, ita ce gwanar ɓuya. Tana iya kai kusan mita 2, kaurinta ya kai cinyar yaro, haƙoran dafinta kuma sukan kai santimita 5, babu macijin da ya fi ta tsawon haƙori. In jagora ya nuna maka ita, da farko ba za ka ga komai ba sai busassun ganye. Ka ci gaba da kallo. Sai ka lura akwai wani ganye fari-fari mai faɗi da baƙin layi a tsakiyarsa, daidai yadda jijiyar ganye take. Wannan kanta ne. A gefensa akwai ɗan ido mai ruwan azurfa. Daga nan sai sauran jikin ya fito maka gaba ɗaya: jerin zane masu kusurwa huɗu launin ƙasa-ƙasa a gadon baya, da wasu masu kusurwa uku, ruwan hoda da baƙi, a haƙarƙari, suna ɗagawa a hankali in tana numfashi. Takan kwana da yini a wuri guda tana jiran ɓera. Ba ta da faɗa, ba ta kuma gudu, haɗarinta kenan: tana nan har ka taka ta. Ta Gana da Kodebuwa tana da ƴan ƙahoni biyu a hanci. Ƙanwarta mai ƙaho, mai zanen shuɗi da ja da rawaya, ta fi son bakin rafi da fadama.

Ka neme su a gefen hanya inda ganye ya taru, da tsakanin manyan saiwoyin da ke tsaye kamar bango a gindin itace, da wurin da wani itace ya faɗi rana ta samu ƙofa. Irin wannan fili, da hantsi bayan an kwana ana ruwa, shi ne wuri na ɗaya, don maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, sai ya nemi rana.

A sama kuma akwai mamba kore, siririya, mai kai mita 2, mai dogon kai. Ta Najeriya da Kamaru wutsiyarta rawaya ce da baƙin zane kamar raga. Tana son bakin daji, gonakin koko da kwakwar manja, ba tsakiyar duhu kaɗai ba. Da ta ji ka za ta haye sama. Akwai korayen macizai da yawa marasa dafi, irin damatsirin da muka sani, amma bambance su aikin masana ne, kai dai duk kore ka ba shi girmansa. Akwai wani siriri launin toka mai kama da busasshen reshe, yakan miƙe rabin jikinsa a iska ya sandare. Dafinsa na hana jini daskarewa, kuma ba a da maganinsa. Saboda irinsa ne ba a kama reshe don a tsallake laka sai an duba.

Kumurcin kurmi baƙi ne mai sheƙi, da fari-fari a haɓa da wuya, yana wuce mita 2, yana iyo, yana hawan itace. Shi ba ya tofi. Mai tofin yana gefen gonaki da ƙauyuka. Mesa kuma tana bakin ruwa da ramuka.

Ka bar tsuntsaye su yi maka aiki. In ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a reshe ɗaya suna tsiwa, suna sauka suna tashi, ko kurege ya kafe wuri ɗaya yana ta ƙara yana kaɗa wutsiya, to akwai abin da suka gani. Sa madubi ka bi inda bakunansu suka nufa. Saɓar maciji a jikin kututture ma shaida ce cewa mai ita na unguwar.

Gungumen da ya faɗi a hanya, ka hau kansa, ka leƙa bayansa, sannan ka sauka. Ba a tsallake shi a makance. Hannu kuma ba ya shiga rami, ko kogon itace, ko suri, ko ƙarƙashin dutse.

Mataki na bakwai: fitar dare

Rabin mazauna kurmi sai dare suke fitowa, saboda haka in gandun ya yarda, ka nemi fita bayan isha'i, awa ɗaya ko biyu, a hanyar da ka riga ka bi da rana. Fitila ta zauna a goshi, kusa da ido, don ta haka ne hasken da ya dawo daga idon dabba ke shigo maka. Ɗige-ɗige masu walƙiya a ƙasa gizo-gizo ne. Jajayen idanu biyu manya a kan reshe, masu tsalle daga nan zuwa can, ɗan ƙaramin dangin biri ne mai yawon dare. Hawainiya in tana barci takan koɗe ta yi fari-fari a ƙarshen siririn reshe, ta fi sauƙin gani da dare nesa ba kusa ba.

Idon maciji ba ya mayar da haske irin haka. Abin da ke tona shi cikinsa ne: in ka haska rassa daga ƙasa, sai ka ga wani farin zare mai sheƙi ya naɗe. A ƙananan itatuwan bakin rafi, daidai ƙugu zuwa kafaɗa, ake samun ƴar kububuwar itace, kore ko rawaya, mai kaushin jiki da faffaɗan kai, ba ta kai tsawon hannu ba. Kyakkyawa ce ƙwarai, dafinta kuma ba wasa ba. Kududdufin da kwaɗi ke kuka ka zagaya shi a hankali, kana haska gaban ƙafarka kafin kowane taku.

Ka riƙa haska hanya saboda kwarkwasa ma. In ka ga baƙin layinsu ya ratsa, tsallake da sauri, ka yi gaba kaɗan, sannan ka kakkaɓe. Wanda ya tsaya a kansu yana kallon sama zai tuɓe wando a gaban jama'a, ba ruwansu da girmansa.

Mataki na takwas: in kun yi ido huɗu

Tsaya. Faɗa wa na bayanka da murya ƙasa-ƙasa, ka nuna da yatsa daga inda kake. Maciji ba ya da kunne a waje, motsin ƙasa da motsin jikinka ya fi ji. Ja da baya a hankali har tazara ta kai mita 3, in mai fasa kai ne ka ƙara, don mai tofi yana kai mita 2 zuwa 3 kuma ido yake nema. Kada ku kewaye shi, ku bar masa hanyar wucewa. Hoto da zuƙowar kyamara ake ɗauka, ba da matsawa ba. In ya fara huci, ko ya naɗe wuya, ko ya fasa kai, kallo ya ƙare.

Na san abin da hannun Bahaushe ke yi in an ce maciji: neman sanda. A gida, inda yara ke kwana a tabarma a tsakar gida, ana iya fahimtar haka. A gandun daji laifi ne a doka, kuma wajen kisan ne mutane da yawa ke samun sara. Kan da aka datse ma yana iya sara bayan an jima. Haka wani ɗan baƙin maciji mai kama da marar dafi, mai tonon ƙasa: ko an riƙe shi ta ƙeya yana fito da haƙori ta gefen baki ya soki yatsa. Wanda ya sha maganin gardawa ya sha abinsa, amma ya sa takalmi ya ja baya tare da kowa.

Sallah, kewayawa da kwanciya

Waɗannan ukun su ne lokutan da mutum ke cire takalmi ko ya kai jikinsa ƙasa, kuma ba kowane jagora zai tuna ya yi maka bayaninsu ba. Wurin sallah ka zaɓi fili, ka share ganyen da doguwar sanda har ƙasa ta bayyana, sannan ka shimfiɗa darduma. Takalmin da ka cire ka kife shi ka bubbuga kafin ka mayar, ko minti biyar ya yi a ajiye. Alwala da ruwan buta ta fi, don ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya. Kewayawa kuma, kada kunya ta kai ka cikin duhuwa: ɗan nesa kaɗan, wuri mai haske, ka bubbuga ƙasa da sanda, ka duba baya da sama kafin ka tsuguna. Da dare ba a fita ko taku biyu ba fitila.

Ka kwana a kan gado ko abin da ya ɗaga daga ƙasa, cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Jaka a zuge ta a rataye. Kayan da ka wanke kada ka shanya su a ƙasa, kuma a goge su da dutsen guga mai zafi, don akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, tsutsar ta shiga fata ta zama maruru.

In sara ta auku

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara saboda saran maciji, kuma a 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. Yawancinsu manoma ne da makiyaya marasa takalmi, nesa da asibiti, ba masu yawon kallo ba. Duk da haka ka haddace wannan.

A janye mutum daga wurin macijin. A kwantar masa da hankali, don sau da yawa dafin da ya shiga kaɗan ne, wani lokaci ma babu. A cire zobe, agogo, guru, da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗaure ƙafar ko hannun da sanda yadda ake yi wa karaya, don kada ya motsa, ba don a tsayar da jini ba. A ɗauke shi, kada ya taka in da hali. A duba agogo a riƙe lokacin. A nufi asibitin da ka tambaya tun farko.

Ba a ɗaure saman wurin tamau da igiya ko roba, wannan ya jawo wa mutane da yawa yanke ƙafa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ƙonawa, ba a ɗora baƙin dutse, ba a tsayawa jiƙa sassaƙe. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya. Don zafi a ba shi parasitamol kaɗai, ban da asfirin da ibuprofen da diklofenak, don suna ƙara zubar jini. In yana amai ko ya fara fita hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefen hagu. In fatar idonsa ta fara sauka, ko magana ta fara sarƙewa, ko yawu na zuba, dafin mamba ko kumurci ne ke kama numfashi, a shirya hura masa iska, kuma direba ya ƙara wuta. Tofi a ido kuwa, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 ko fiye, ba murzawa, sannan a je asibiti.

Abu guda da ya kamata ɗan arewa ya sani: maganin dafi ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi ajiyewa a yankinmu, irin EchiTAb da ake amfani da shi a asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, an yi shi ne don kububuwa, wani nau'insa kuma ya haɗa da kasa da mai tofi. Ba a yi shi don mamba ba. Saboda haka bayanin macijin yana da amfani ga likita: launi, tsawo, kauri, a ƙasa yake ko a itace. In akwai hoton da aka riga aka ɗauka, a nuna. In babu, kada wani ya koma nema. Ko mutum ya ji garau, ya zauna a asibiti awa 24, don wani dafin sai an jima yake nuna kansa.

Bayan ka dawo Zinder, in zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin farko, ka je a gwada jininka ranar, kuma ka gaya wa likita ƙasar da ka je da dajin da ka shiga. Haka in bayan watanni ka ga kumburi mai ƙaiƙayi yana fitowa a hannu yana ɓacewa ya koma wani wuri: akwai tsutsar da wani ƙuda mai cizo da rana ke sa wa mutane a kurmin kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, likitan da bai san ka je can ba kuwa ba zai yi tunaninta ba.